Neman Masu Cin Ƙasa

Litinin: Gusau zuwa Anka

Ana sallame sallar asuba muka bar Gusau, mu uku a wata tsohuwar motar jami'a. Mamman ne direba. A baya Dakta Rabi ce, wadda tafiyar tata ce. Ni kuma Lawali, mai sayar da kayan babur, an ɗauke ni jagora saboda a Anka na tashi, kuma matata 'yar Bukkuyum ce.

Gara in faɗi gaskiya tun daga nan. Ba don aikin na yarda ba. Matata Shafa tana gidan iyayenta goyon cikin fari, wata na bakwai, na ga motar da za ta kai ni kyauta. Aikin kuwa dariya yake ba ni. Dakta ba likitar allura ba ce, karatunta a kan halayyar mutum ne da damuwarsa, kuma bincikenta a kan cututtukan ci ne: masu ƙin abinci, masu ci su amayar, da masu cin abin da ba abinci ba, kamar gawayi da ƙasa. Na ce a raina, a jihar da manomi ke kwana da yunwa don an hana shi zuwa gonarsa, wai an samu wadda ta ƙare digiri uku a kan masu lasar bango.

A shingen Mayanci wani jami'i ya leƙo ta taga.

"Ina zuwa?"

"Neman masu cin ƙasa, ranka ya daɗe," in ji Mamman.

"Ai kun baro su a birni cikin manyan motoci. Ku wuce."

Na yi dariya har da dukan gwiwa. Dakta ba ta ɗago kai ba. Muka jira wasu motoci suka taru kafin mu kama hanyar Anka, don yanzu ba mai bin ta shi kaɗai. Da hantsi muka isa, muka karya da waina da miya a bakin tasha.

A wata unguwa mai unguwa ya tara mana mata a gindin darbejiya. Ni da nake son a san ɗan gari ne, na miƙe na ɗaga murya: "Duk mai cin ƙasa ta ɗaga hannu, ga likita ta taho!" Samari da ke kan babura suka bushe da dariya. Ko mace ɗaya ba ta motsa ba. Wata tsohuwa ta ce, "Mu awaki muke? Wanga yaro ba ɗan gidan Malam Na'ibi ba ne? Haka ka koma?"

Dakta ta ce in koma mota. Ta shiga da matan cikin gida, ta zauna a tabarma. Ta taga nake jiyo su. Ba ta tambayi wa ke ci ba. Cewa ta yi, "Ni dai an ce mini ta jikin suri ta fi ta bango gardi, gaskiya ne?" Sai gardama ta kaure. Wannan ta ce ta suri, waccan ta ce ba kamar wadda ruwan farko ya jiƙa, wata ta ce ita sai ta bayan murhu. Matan da suka rantse ba awaki ba ne sun kusa kokawa a kan wace ƙasa ta fi daɗi.

Da ta fito na ce, "Dakta, wannan ai kwaɗayi ne da sangarta. Ni tawa ta fara lokacin da cikinta ke wata uku. Na kama ta tana ɓantarar bango, na kira matan gidan hayarmu na ce su zo su ga tunkiyar da na auro. Daga ranar ba ta ƙara ba. Ko sisi ban kashe ba."

Ta dube ni. "Ka hana ta ci, ko ka hana ta ci a gabanka?"

Na ce da Mamman a hankali, 'yan boko ba sa son a fi su dabara.

Kafin la'asar muka shiga masauki, ɗakuna biyu a gidan wani ma'aikacin lafiya. Shi ya ba mu tuwon dawa da miyar kuka, ya kuma ba Dakta labarin shekarun da gubar dalma ta riƙa kwashe yara a Bagega da Abare, lokacin da ake daka dutsen zinare a cikin gidaje. Ya ce har yau inda aka zubar da dusar dutsen, ƙasar wurin guba ce. Ni na san labarin, don haka na fi mai da hankali ga tuwon.

Talata: Anka zuwa Gummi

Mun tashi da sanyin safiya, muka bi ta Daki Takwas. Shinge bayan shinge, kowa da irin gaisuwar da yake so. Kafin azahar muna Gummi, muka ci soyayyen kifin gulbi a bakin kasuwa.

Dakta ta ce a kai ta wurin masu farar ƙasa. Ga ta nan a faranti tsakanin kanwa da daddawa, an gasa ta an ƙulla a leda. Mai sayarwar wata mata ce mai baki, ana ce mata 'Yar Buga.

"Su wa ke saye, Hajiya?" in ji Dakta.

"Masu ciki, da 'yan mata, da maza."

Na ce, "Maza kuma?"

"Awo. Shi taho da rawaninai shi ce aike ne. Kahin shi kai kwana ka ga bakinai hwari fes." Ta nuna Mamman da leɓe. "Wanga ma da ganinai zai iya."

Mamman ya ce Allah Ya kiyaye, ya koma mota.

A nan ne Dakta ta tsaya ta yi mini bayanin da ban nema ba. Ta ce yawanci ƙarancin jini ke tayar da wannan sha'awar, damuwa da tsoro kuma su ƙara mata ƙarfi, har mace ta ji in ba ta ci ba hankalinta ba zai kwanta ba. Ta ce babban abin da take bincike a kai shi ne abin da ke faruwa bayan an kunyata mai yi. Wadda ba a tsangwama ba tana faɗa, a auna jininta, a ba ta magani. Wadda aka mayar abin dariya ba ta zuwa kasuwa, ba ta faɗa wa kowa, sai ta ci duk ƙasar da hannunta ya kai a ɓoye. A wannan yanki kuwa ba kowace ƙasa ce ƙasa kawai ba.

Na buɗe baki zan yi wata ba'ar, sai na tuna wani abu. Yayan Shafa, Bashiru, yana harkar zinare. Bara da damina ta rushe katangar bayan madafinsu, da ragowar dusar dutsensa aka kwaɓa aka liƙe. Ina wurin. Har na yaba yadda ta yi laushi.

Na kira wayar Bashiru, ba sabis. Na ce a wuce Bukkuyum yau. Mamman ya ce ransa ba na haya ba ne, rana ta yi sanyi, sai gobe. Muka kwana a wani masaukin baƙi mai fanka ba wuta. An kawo shinkafa da wake, na kasa ci. Mamman ya ce, "Dakta, ga wani mai ƙin abinci, ki sa shi a bincike."

Laraba: Gummi zuwa Bukkuyum

Muka dawo baya, muka karkata ta Nasarawar Burkullu. A hanya mun haɗu da mutanen wajen Zugu a kan babura, da tabarmi da tukwane, mata da goyo. 'Yan bindiga ne suka tashe su daga ƙauyukansu.

Da hantsi muka tsaya ƙofar gidan surukaina. Na cire takalmi, na durƙusa na gai da Inna, mahaifiyar Shafa.

"Lawali, kun taho lahiya? Ina mutanen Gusau?"

"Lafiya lau, Inna. Ya mai jiki?"

"Ga ta nan dai. Ba ta son tuwo, ba ta son hura, kullum jiri. Mun ce ko na ciki ne."

Aka kawo mini fura. Ban taɓa ba, don ba a ci a gidan surukai. Na nemi izinin zagayawa, na bi ta bayan madafi. A jikin sabuwar katangar, daidai kafaɗar mace, akwai rami kamar na ƙwarya ƙarama, gefensa sumul, da sawun farce.

Inna ta biyo ni da buta. "Awaki na, su ka lasa tai."

Akuyar da za ta kai nan sai ta hau turmi. Na karɓi butar.

Shafa ta fito. Ta rame, leɓunanta fari, cikin ya yi mata girma. Da na tambaye ta zancen ramin, cikin murya mai taushi a karon farko, ta dubi ƙasa ta ce, "Ni na daina tun ranar da ka tara mini mata." Ta faɗe shi ba fushi, kamar mai ba da labarin wani.

Dakta ta ce, "Malam Lawali, koma mota." Wannan karon ban yi gunaguni ba.

Sun daɗe a ɗaki. Da Dakta ta fito ba ta faɗa mini abin da suka yi magana a kai ba, ta ce wannan tsakaninsu ne. Abin da ya shafe ni shi ne a auna jinin Shafa a asibiti ba da jinkiri ba, kuma a kankare katangar nan a kai ƙasar nesa da yara. Inna ta ce ba a mai da mai goyon ciki gidan miji kafin haihuwa, mutane za su ce an kasa riƙe ta. Dakta ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, to ki taho tare da ita. Goyon cikin ya koma Gusau." Sai tsohuwa ta aika a ɗauko mata mayafi.

Komawa gida

Muka kamo hanya mu biyar. Inna a gaba, ni a baya can gefe ina rungume da ƙullin kayanta. A Mayanci jami'in nan ya gane mu.

"Kun samo masu cin ƙasar?"

Mamman ya dube ni ta madubi, ya ce, "Muna dai hanya, ranka ya daɗe."

Kafin magariba muka shiga Gusau lafiya. Washegari aka auna. Jininta ya yi ƙasa sosai, kuma an ga dalma a ciki. Likitoci sun ɗora ta a kan magani, sun ce za su riƙa duba ta har ta sauka. Game da abin da ke cikin, sun ce ba za su yi mini alkawari ba.

'Yan majalisarmu ta bakin shago, waɗanda na cika wa kunne da ba'a kafin in tafi, suna ganina suka ce, "Lawali, an dawo daga cin ƙasa?" Na ce e, na ci, kuma kayen bai yi mini daɗi ba. Suka yi dariya, don ba su san komai ba, kamar yadda ban sani ba ranar Litinin.

Ina godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, da Mamman da ya jure bakina, da Dakta Rabi wadda har yau ban iya haɗa ido da ita sosai. Shekaranjiya aka yi yayyafi. Shafa tana zaune a ƙofar ɗaki, ta daɗe tana kallon tsakar gida, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, ina jin ƙanshinta." Na ɗauko soyayyar aya na zauna kusa da ita, muka yi ta tauna har ƙasar ta bushe. Saura wata biyu. Wanda ya karanta wannan ya sa su a addu'a, ita da abin da ke cikinta.