Maganin da Baffa Bai Taɓa Sha Ba

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya kai tsufa bai taɓa haɗiyar ƙwayar asibiti ba. Ba ƙyamar likitoci yake yi ba, lafiya ce Allah Ya hore masa. In zazzaɓi ya taɓa shi, Inna takan dafa ganyen darbejiya ya yi surace, washegari ya bi shanunsa. Yakan faɗi haka gaban baƙi yana shafa gemu, mu kuma mu yi ta dariya.

A rugarmu ta wajen Zugu na tashi. Shekarar da 'yan bindiga suka kore garken kakaf, Baffa da Inna suka taho Bukkuyum, inda nake aure. Gidanmu ƙarami ne, sai suka zauna a wani tsohon gida na dangin mijina tare da waɗansu iyalai da su ma gudowa suka yi. Rijiya ɗaya, masai ɗaya, ga yara ko'ina. Da damina ta yi nisa ruwa ya kwanta a tsakar gidan, kusan kowa sai da ya yi gudawa. Baffa ma ya yi, ya warke.

Bayan an yanke gero fitsari ya fara yi masa zafi. Ya ɓoye. Inna ce ta iske ni ina tankaɗe, ta tsaya bakin ƙofa ba ta zauna ba.

"Babanki ba shi da lahiya," in ji ta. "Rawar ɗari yakai, kuma ya hana ni faɗi."

Mijina ya ɗauke shi a babur zuwa asibitin garinmu. Aka ba shi kafso. Ya daɗe yana kallonsu a tafin hannu, sannan ya ce, "Yau kam an ci ni da yaƙi." Ya sha su yadda aka ce, bai tsallake ko ɗaya ba. Zazzaɓin bai sauka ba. Aka koma allura, ita ma shiru.

Muka shiga mota zuwa Gummi. A hanya kansa ya kwanta a kafaɗar Inna. Tunda nake ban taɓa ganin jikinsu ya haɗu gaban mutane ba. Ta kau da kai wajen taga, amma ba ta janye ba.

Likitan da ya karɓe mu mutum ne mai sanyin magana. Ya sa aka ɗibi fitsari da jini aka tura Sakkwato, ya fara wani magani kafin sakamako ya fito. Ranar da ya fito, likitan ya zo bakin gadon ya nuna mana hoto a wayarsa: ɗan faranti ne, da 'yan fararen ɗigo a jere. Ya ce kowane ɗigo magani ne, kuma inda magani ke aiki za a ga fili kewaye da shi, don ƙwayoyin cutar ba sa iya matsowa. Na duba. Ɗigo ɗaya ne kawai ke da fili. Ya ce sauran magungunan duk cutar ta riga ta san su, ba sa yi mata komai.

Baffa ya ɗago da ƙyar.

"Likita, mi kac ce? Ni da ban taɓa shan su ba sai yanzu, ina cutag ga tas san su?"

Likitan ya jawo kujera ya zauna. "Baba, ba a jikinka ta san su ba. A hanjin kowa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, galibinsu ba sa cutar da mu. Waɗansu suna ɗauke da wani ɗan ƙaramin zobe, muna kiransa filasmid, wanda ke ƙunshe da dabarar karya magani. In mai zoben ta haɗu da wadda ba ta da shi, sai ta miƙa wani siririn zare, ta kwafi zoben ta ba ta. Ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Zobe guda yana iya ɗaukar dabarar magunguna da yawa."

"To ni wa ya ba ni?"

"Ba mai iya sani. Ruwan sha, hannu, abinci. Duk inda ake shan magani ba kan ƙa'ida ba, masu zoben ne ke tsira su yaɗu. Sun zauna a hanjinka shiru, sai ɗaya ta samu hanya zuwa mafitsara, daga nan ta shiga jini."

"Ashe su ma suna zumunci," in ji Baffa. Ya ɗan yi murmushi. Can kuma ya ce, "Shanu fa?"

"Har a cikin shanu, Baba."

Baffa ya koma ya kwanta. Na san yana tuna allurar da yakan sayo ranar kasuwa ya yi wa maruƙa da hannunsa in sun yi zawo, kamar yadda kowane makiyayi ke yi. Ko kuma shanun kawai yake tunawa. Ban tambaye shi ba.

Maganin da ya rage babu shi a Gummi, sai da aka aiko da shi daga birni. Da aka fara ɗaura masa, zafin jikin ya sauka, har ya nemi fura. Inna ta dama ta da murna, ya kurɓi kaɗan ya ce nonon ba na kirki ba ne. Muka yi dariya, mun ɗauka an tsallake. Amma ƙafafunsa suka soma kumbura, fitsari ya ɗauke. Likitan ya kira mijina waje ya ce ƙoda ta riga ta gaji.

Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke". Ranar ƙarshe, bayan la'asar, ya kira shi sarai. Na matso. Ya ce in kula da Inna, ba ta iya zaman birni ba. Bai kai magariba ba.

A Gummi aka yi masa sutura, don hanyar gida ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga. Mutanen da ba su san shi ba suka sallace shi, kuma sun taru da yawa, Allah Ya saka musu.

Inna ta dawo gidana. Ta yi takaba a ɗakin yarana, ba ta cika magana ba. Da ta fita, ta roƙi mijina ya samo mata akuya. Ya samo mata wata ja mai ciki, ta ɗaure ta gindin zogale, kullum da safe takan fita da kanta neman mata harawa.