Malam Tukur, Direban da Ke Ƙirga Tozo

Kafin a fara lodi a kara, wato kasuwar shanu, Malam Tukur na Saulawa ya riga ya zagaya tirelarsa sau biyu. Da guntun ƙarfe a hannu yake bin tayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne kamar mai sayen tukunya. Daga nan sai ya hau bodi ya tattaka yashin da aka shimfiɗa wa shanu don kada kofato ya zame. In yashin bai yi kauri ba, ko sa ɗaya ba zai shiga ba, mai shanu ya yi ta kumfar baki har azahar in ya ga dama. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kwasar shanu daga ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan zuwa Kudu. A watan jiya ya ajiye makulli.

Ni sunana Saminu, mutumin Taba ne, fataucin shanu nake yi, kuma ina cikin waɗanda suka fi kowa yi masa kumfar bakin.

Mutane suna ganin tirela ta tare hanya sai su hau zagin direba, ba su san abin da ke bayansa ba. Lodin shanu ba lodin masara ba ne. Buhu ba ya jin tsoro, ba ya gajiya da tsayuwa. Birki ɗaya na gaggawa ya isa ya zubar da shanu kan juna, kuma san da ya faɗi a cikin mota ba ya iya tashi, 'yan'uwansa ne za su tattake shi. In ba a lura da wuri ba ya zama mushe, ba nama ba kuɗi. Shi ya sa masu rakiya ke zama a saman bodi da wuƙa a kusa. Yawancin direbobi sukan bar musu wannan aikin, su nasu sitiyari. Malam Tukur kuwa duk bayan awa biyu sai ya faka, ya kama ƙarfen bodi ya hau da kansa, ya ƙirga tozon shanu. In lissafi ya cika ya sauko. Mu fatake muka sa masa suna Sarkin Tsayawa, kuma ba don yabo muka sa ba.

Shekara huɗu da suka wuce, saura kwana biyar Babbar Sallah, na yi lodin shanu ashirin da bakwai a motarsa. Ashirin da shida nawa ne. Ɗaya kuwa, wani fari mai baƙin kunne, na Inna Hussaina ne, maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu. Damina ta rushe mata ɗaki, tana raɓe a na surukarta. Shekara biyu tana turke san nan da dusa da harawa, ba ta da wata kadara bayansa. Da ta ba ni igiyarsa cewa ta yi, "Saminu, ɗakina ne na ba ka."

Washegari da rana tsaka, mun wuce Mokwa, zafi kamar a bakin murhu, sai na ji mota tana rage gudu.

Na ce, "Haba Malam Tukur, ɗazu fa muka tsaya. In ba mu shiga Legas da safe ba kasuwa ta wuce mu."

Ya ce, "Ɗazun awa biyu ke nan, Saminu."

Bobbo, babban mai rakiyarmu, ya leƙo daga sama ya ce lafiya lau suke. Malam Tukur ya ce ya ji, ya kuma hau abinsa. Ina kallonsa daga ƙasa yana nuni da yatsa, leɓensa na motsi. Ya kai ƙarshe ya sake farowa. Sannan ya ce, "Ashirin da shida."

A kusurwar gaba, inda tamfal ya kare wa masu rakiya gani, san Inna Hussaina yana kwance ƙarƙashin ƙafafun sauran, harshe a waje. Bobbo ya zaro wuƙa ya ce a yanka kafin rai ya fita. Wanda aka yanka a bakin titi kuwa kowa ya san yadda mahautan hanya ke sayensa, ko kwanon rufi ba zai saya mata ba. Na san haka sarai. Duk da haka da bakina na ce, "A yanka mu wuce." Har yau in na tuna kunya nake ji.

Malam Tukur bai ko dube ni ba. Ya ce wa Bobbo, "Mayar da wuƙarka tukuna, idonsa bai juya ba." Ya ja motar a hankali har ya sami wani tudu a gefen hanya, ya yi baya ya jingina mata gindi, aka buɗe ƙofa. Sai da muka sauke shanu goma sha ɗaya kafin a kai ga san. Ya juye masa jarkar ruwan da ya ajiye don injin, ya yi ta murza masa ƙafafu, Bobbo na jan ƙaho shi yana ɗaga wutsiya. Wajen la'asar san ya yunƙura, ya dafa gwiwa, ya miƙe. Awa uku muka ɓata a wurin. Mun rasa kasuwar safe, na sayar da nawa ƙasa da yadda na so, kuma har muka dawo gida ban yi masa magana ba. Shi ko a jikinsa.

Ɗakin Inna Hussaina yana nan, da rufin kwano da ƙofar ƙarfe. Duk ranar da na fito masallaci sai na gan shi.

Malam Tukur, kai ne ka san cewa abin da ke bayanka rai ne, kuma kowane tozo akwai gidan da ke jiransa. Kai ne ka sha baƙar magana daga irina shekara da shekaru, ba ka rama ba, ba ka kuma fasa tsayawa ba. Na Saulawa, mai taka birki da tausayi.

Da ya kai wa mai motar, Alhaji Muktar, makulli, ina zaune a wurin. Alhaji ya ɗauka wani ne ya ɓata masa rai. Ya ce, "Malam, idonka garau, hannunka bai rawa. Me ya yi zafi?"

Ya ce, "Gwiwa ce, Alhaji. Tafiyar nan da na dawo, sau biyu na kama ƙarfen bodi na kasa hawa."

"To ai ga masu rakiya, su ƙirga maka."

"Ranar Mokwa ma akwai masu rakiya," in ji shi. Ya ajiye makullin a kan tabarma.

Yanzu yana gonarsa ta barkono a Saulawa, yana ɗingishi tsakanin kunyoyi. Na je na ba shi haƙurin da ya kamata in ba shi tun shekara huɗu, ya yi dariya ya ce shi ya manta.

Mun gode, Malam Tukur. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwar nan sauƙi. Ku kuma matasan da ke riƙe da manyan motoci yau, in mai kaya irina ya matsa muku da gaggawa, ku bar shi ya yi fushinsa, ku faka ku hau ku duba.

Inna Hussaina ba ta taɓa sanin abin da ya faru a Mokwa ba sai makon jiya da na zauna na gaya mata, har da abin da ni na faɗa. Ta saurara har na kai ƙarshe. Sannan ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakinta, ta ce, "Ranar Juma'a ka kai ni Saulawa."