Bappa Nu'uman da Keken da Ba Ya Ham

Bobboyi mai kyamis na bakin layinmu a Limawa ɓarawo ne. Ya samu tsofaffin sojojin da bam ya girgiza wa ƙwaƙwalwa, masu fama da ciwon kai da mantuwa, ya riƙa cin abinci da mantuwarsu. Mutum zai zo kai na sara masa, ya kwantar da shi bayan labule, ya rataya masa ledar ruwa mai launin rawaya. Washegari ya ce, "Oga soja, jiya ba ka zo ba, magani ya karye, sai an sake daga farko." Alhali mutumin ya zo jiyan, ya kuma biya.

Wanda ya taka masa birki direban keke napep ne, Bappa Nu'uman, ɗan tsohon garin Yola. A watan nan ya ajiye tuƙi saboda idonsa ya yi yana, shi ya sa nake rubuta wannan tun yana raye.

Shekara da shekaru, da ya idar da sallar asuba sai ya goge keken, ya jera matasai a kujerar baya, ya bi gidajen mutanensa. Ba ya tsayawa a waje ya yi ihu. Shiga zaure yake yi ya ce a hankali, "Yau ranar ganin likita ce." Yawancinsu sun manta. Shi bai taɓa mantawa ba.

Abin ya faro ne da Saje Absalom. A wajen Madagali bam ya tashi kusa da motarsu, ya miƙe ba ko ƙwarzane, aka ce Allah ya tsare. Sai da ya dawo Jimeta aka ga hasken rana na hana shi buɗe ido, ƙarar janareta na sa shi zagin 'ya'yansa, ya ɗora shayi ya tafi ya bar wuta. Unguwa ta ce giya ce. Fansho ya ƙare a wurin Bobboyi, awaki suka bi baya. Matarsa Keturah ta tare Bappa a ƙofa wata safiya, ta ce, "Bappa, gona na Ngurore ne kawai ya rage. Mai saye zai zo ran Asabar. In ya tafi, me yara za su ci?"

Bappa ne ke kai Saje kyamis kullum, kuɗin hayarsa kuma ba ya fashi. Ran nan yana jira a bakin kanti ya ji Bobboyi na cewa jiya Saje bai zo ba. Alhali Bappa da kansa ya kawo shi jiyan. Wani direban zai toshe kunne, tunda kowane zuwa kuɗi ne a aljihunsa. Da gari ya waye Bappa ya ɗauko Saje, ya wuce kantin bai ko rage gudu ba.

"Bappa, ka wuce wurin Dokta."

"Na gani."

"To juya mana! Ni ne mai mantuwa ko kai?"

"Saje, Doktan da ke sayar da biskit da omo? Yau babban asibiti za mu."

"Can layi ne kawai. Wallahi zan diro!"

"Diro. Keturah ta ce in ka karye in kawo ka asibitin dai."

Saje ya zage shi da harshe uku, amma ya zauna.

Sun wuni a layi, Bappa bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Likita ta duba Saje da kyau, ta ce ƙarin ruwa ba shi da abin da zai yi masa. Ta rubuta ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi, ta ce ya samu barci, ya guji hayaniya, ya riƙa dawowa. Kafin su kai get Saje ya manta rabi. Tun daga ranar Bappa ya roƙi izinin shiga ɗakin likita tare da mutanensa. Yakan tsaya a kusurwa da hula a hannu yana saurare, in sun koma gida ya maimaita wa iyali kalma da kalma. Saje bai warke sarai ba, kan na sara har yau. Amma ran Asabar mai saye ya koma da kuɗinsa, bana kuwa masara Keturah ta girbe a gonar.

Sojoji suka gaya wa juna, da Kiristansu da Musulminsu. Don kada ƙara ta dame su, Bappa ya cire wayar ham ɗin kekensa, ya daina bi ta kasuwa, yana lallaɓa kowane rami. Direbobi suka sa wa keken suna motar gawa. Ya ce musu, "Nawa dai da ƙafarsu suke sauka."

Bappa, kai ne ka riƙe wa mutane ranakun da suka ɓace musu. Da iyalan suka kai ƙara, Bobboyi ya rantse Saje ne ke tsallake magani. Kai ka miƙe a gaban alƙali ka ce, "Ni na kawo shi, ni na mai da shi, bai taɓa fashi ba." Ban san wani digiri da ya fi wannan nauyi ba. Mun gode. Allah ya buɗe maka ido, ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Ku kuma da ke da tsohon soja a layinku kuna ce masa mashayi, ku ji kunya. Ku tambayi ranar asibitinsa, ku raka shi, ku shiga ku saurara masa.

Bobboyi kuwa, an rufe kantinsa, kotu ta ɗaure shi shekara biyu ba zaɓin tara.