Gayyar Tsofaffin Gyaɗi-Gyaɗi

Shekarun baya can da nisa, tun ana kashe fam da sule, lokacin da Gyaɗi-Gyaɗi ba ta wuce 'yan gidajen ƙasa ba, in ka ɗan taka gabas sai gonaki har Tarauni, aka yi wata damina da ta zo tare da amai da gudawa. Waɗanda suka ga shekarar nan ba sa son a tuna musu. Mutum zai yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi. Amma ni yau ba labarin kuka na zo ba ku ba.

Cutar ta shigo gidanmu ta kan maigidana. Aka kai shi asibiti a bayan wata motar itace, aka yi masa ƙarin ruwa, Allah ya yi da sauran kwanansa. Sai dai ya dawo kamar karan dawa, ko buta ba ya iya ɗagawa. Irin gyaɗar da muka ajiye don shuka kuwa duk mun sayar a wajen jinya. Daga ni sai mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, sai goyon da ke bayana.

Ana nan ana nan, sai mai shela ya bi unguwa yana cewa gwamnati za ta ba manoman gyaɗa kuɗin iri da taki saboda annobar da ta kwantar da mutane. Amma da sharaɗi. Malamin gona zai zaga ranar Alhamis, gonar da ya tarar an yi mata huɗa ita za a ba, wadda ya tarar a kwance kuwa sai dai haƙuri, don wai kada a ba wanda ba shi da niyyar noma. Huɗa ita ce a tayar da ƙasa a jera ta layi-layi kafin a binne iri, aikin ƙarfi ne na maza.

Maigidana yana kwance yana ji. Ya juya fuskarsa bango ya ce, “Shi ke nan. In Alhamis ta wuce, a kira dillali ya sayar da gonar, mu ci abinci.”

Gonar nan ita ce duk abin da muka mallaka. Maigidana ya yi shekara da shekaru yana dako a kasuwa kafin ya saye ta.

A al'adarmu, in mutum ya gaza sai ya kira gayya. Maza su zo su yi masa aiki, ba a biyan kowa, shi dai ya ciyar da su har su ƙoshi. Inna ta aika gida-gida. Kowa sai ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ba mugunta ba ce. Duba-gari ya hana cin abincin gidan da cutar ta shiga, gayya kuma ba ta yiwuwa babu abinci, wa zai sa hannu a akushinmu? Aka aika wa wani Alhaji mai shanun huɗa, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tamu, ya ce shanunsa ba su da sarari, shi kansa tasa gonar bai taɓa ba saboda aikin mutane.

Ranar Talata ina tankaɗe sai wata dabara ta faɗo mini. Na ce, “Inna, tsoron abincin gidan nan ake yi. In a gona aka dafa fa, a gaban idon kowa? Ɗanwake, daga tafasasshen ruwa sai baki. Kowa ya zo da ƙwaryarsa.”

Ta ce, “Mazan sun riga sun ƙi, 'yar nan.”

Na ce, “To ƙawayenki fa? Ba ke kike cewa kun yi noma a ƙauye kafin a kawo ku birni ba?”

Inna ta dube ni. Sai ta jawo mayafinta ta fita ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Kafin magariba ta haɗo tsofaffi wajen goma: mai ƙosan bakin masallaci, mai daddawa, ungozomar unguwa da ta karɓi haihuwar kusan duk yaran da ke yawo a wajen, da wasu da ban ma san suna iya miƙe bayansu ba.

Saura izini. Ni matar kulle ce, tun da aka kawo ni ban taɓa fita da rana ba in ba asibiti ba. Na durƙusa na gaya wa maigidana. Ya yi dariyar da ta sa shi tari.

“Ke da garma? Kin ma san inda gonar take?”

Nan fa ɗaya. Na ci gyaɗarta, na ci wakenta, ban taɓa ganinta ba. Inna kuwa shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai “yaron nan”, balle a ce an gan ta tana leƙa masa gona. Ita ma ba ta taɓa zuwa ba.

Ya ce, “Ba ta da wuyar ganewa. In kun isa babbar kukar nan ta bayan Tarauni, ku ba ta baya, gonar da ke hannun damanku ita ce. Je ki, Allah ya tsare.”

Kaico, ranar Larabar nan. Muka fito da sassafe, ƙasa a jiƙe da ruwan da aka yi, garemani a kafaɗa, tukunya a kaina, yaro a bayana. Da muka zo bakin titi sai mai daddawa ta tsaya ta ce ita ba za ta bi ta gaban majalisar maza da garma ba a yi ta da ita a gari, kuma ga matar aure a cikinmu. Duk aka ce gaskiya ne. Muka karkata ta bayan gidaje, muka bi wata siririyar hanya ta cikin gonaki, muka zaga muka ɓullo wa kukar. Muka ba ta baya, muka dubi dama. Ga gona shimfiɗe, ko kai ba a ɗaga mata ba.

Inna ta ce, “Ashe yaron nan yana da ido. Dubi ƙasa kamar a ci.”

Sararin sama ya yi mini yawa, iska tana shiga mayafina, ina ta kallon gonar nan ina cewa ashe duk wannan tamu ce. Na haɗa murhu da duwatsu, na tafasa ruwa har ya yi ta ɓararraka a gabansu, na fara saka ɗanwake. Tsofaffi suka ɗaure zani a ƙugu suka jeru. Wadda ba ta iya sunkuyo aka ba ta ƙwarya ta kife tana kiɗa. Sai waƙa ta tashi, irin ta ƙauyensu ta da, ɗaya na bayarwa saura na amsawa, mai ƙosai tana rangaɗa guɗa duk sanda aka kai ƙarshen layi. Ni ma na ajiye ludayi na karɓi garma. Layina ya tafi yana lanƙwasa kamar na mai jin barci, ungozoma ta ce, “Bar shi haka, gyaɗa ba ta da ido.”

Maza na wucewa a kan kekuna, su tsaya su kalle mu, su yi dariya su wuce. Muka ɗauka mamakin ƙarfinmu suke yi. Har ƙara ƙaimi muke in mun ga an tsaya.

Bayan azahar mun kusa kai gefe, sai ga wani mutum a guje a kan keke, babbar riga tana tashi a bayansa. Ya jefar da keken tun bai tsaya ba. Alhaji mai shanu ne.

“Salamu alaikum. Iyayena, wa ya sa ku?”

Inna ta miƙe tana riƙe da ƙugu. “Wa zai sa mu? Ka hana mu shanu, kuma ka zo ka hana mu garma?”

“Inna, gonata ce wannan.”

Kiɗan ƙwarya ya tsaya.

“Gonar ɗanki ga ta can, ƙetaren kuka. Yanzu aka tare ni a kasuwar Tarauni ana yi mini dariya, wai rowa ta kai ni ga ɗauko tsofaffi ƙwadago don su ɗanwake kawai ake biyansu. Ni da shanuna huɗu.”

Na waiga. Can ɗaya gefen ga wata gona a kwance, ciyawa ta fara tsirowa. Sai a lokacin na gane. Maigidana ta titi yake zuwa a kan kekensa, mu kuwa mun ɓullo ta baya, damansa ta zama hagunmu. Na zauna a kan ƙasar da muka tayar wa wani. Tsofaffin nan sun ba da duk ƙarfin da Allah ya bar musu, ko fartanya babu mai iya ɗagawa kuma. Malamin gona gobe da safe. Na ga dillali a ƙofar gidanmu kamar yana tsaye a gabana.

Sai ungozoma ta taso. Ta kakkaɓe hannunta a hankali ta matso.

“Alhaji, to an yi maka gayya. Mun gode Allah da ya nufe mu da taimakonka. Sai ramuwa.”

“Iya, ni ban kira gayya ba.”

“Ba ka kira ba, amma ga ta a gonarka. Ko mu mayar maka da ƙasar yadda take?”

“Shanu ba sa aiki da yamma, sun gaji. Kuma gidan nan, kin san abin da ya shiga.”

“Gona za su shiga, ba ɗaki ba. Mu da muka girmi uwarka ba mu gaji ba, sai shanu.” Sannan ta tambaye shi kamar mai gaisuwa, “Yaya mai ɗakin naka? Cikin nan ya tsufa ko?”

Ya ce, “Watanta ne.”

“Madalla. Ranar sai ka kira shanun su karɓa.”

Tsofaffi suka fashe da dariya, har mai daddawa tana share hawaye. Alhaji ya cire hula ya sosa kai, ya dubi layukan da muka yi masa, ya dube ni ina zaune da goyo. Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya ɗaga kekensa ya ce, “Ku ba ni kafin la'asar.”

Wallahi da na hango shanun nan suna tahowa ta gindin kuka, ƙaho na sheƙi, garmar ƙarfe na ƙara a bayansu, ban san sanda na miƙe na yi guɗa ba, ni da ko muryata maƙwabta ba su sani ba. Shi da kansa ya kama garmar. Ƙasa na tsagewa tana kwantawa gefe biyu, layi a miƙe kamar an ja zare, tsofaffi na biye da shi da kiɗan ƙwarya suna yi masa kirari da “angon tsofaffi”. Da ya tsaya shan iska na zubo ɗanwake mai zafi, na zuba man gyaɗa da yaji, na ajiye nesa kaɗan don kada in takura shi. Ya dubi kwanon. Sai ya yi bisimilla ya sa hannu. Tun da cutar ta shiga gidanmu, shi ne namiji na farko daga waje da ya ci abin da na dafa. Na juya baya don kada a ga idona.

Rana ta faɗi da sauran aiki, ya dawo da asuba ya ƙarasa. Shanu na fita daga layin ƙarshe muka ji ƙarar babur. Malamin gona ne da mai unguwa a bayansa. Ya taka gonarmu daga wannan gefe zuwa wancan ya ce ta yi. Ya ce ina mai ita, mai unguwa ya ce yana kwance, ga iyalinsa. Daga nan ya ƙetara ta Alhaji, ya tsaya yana kallon layukanmu masu lanƙwasa.

“Alhaji, kai da ke yi wa mutane huɗa, taka ce haka? Shanun sun sha wani abu ne?”

Alhaji ya ce, “Malam, waɗanda suka yi wannan ba a yi musu gyara.”

Ita ma aka ce ta yi.

Kuɗin suka fito bayan 'yan kwanaki. Aka sayi iri da taki, Inna da ƙawayenta suka binne mana gyaɗar, wannan karon a inda ya kamata. Dillali bai taka ƙofarmu ba. Da maigidana ya ji yadda aka yi, ya yi dariya har sai da Inna ta leƙo daga ɗakinta ta ce a gaya wa yaron nan ya yi a hankali, bai gama warkewa ba. Kafin kaka ya miƙe, shi ya cire gyaɗarsa da hannunsa.

Duk waɗanda na ambata sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya haskaka makwancinsu. Ni kaɗai na rage, kuma har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya buɗe kamar ranar. Abin da na ɗauka a ciki ba mai yawa ba ne, amma na riƙe shi da kyau: mace ta san inda abincinta yake fitowa, ta gan shi da idonta, don ranar da za a neme ta ba a yin sallama. Shi ya sa duk yarinyar da aka auro wa 'ya'yana da jikokina, kafin ta gama amarci sai na sa an kai ta ta ga wurin neman mijinta, shago ne ko rumfa ko gareji, kuma ta hanyar da shi yake bi. Na ƙarshensu jikana ne mai tuƙa adaidaita. Ya ce, “Hajiya, ni ai ba ni da wuri, titi ne ofishina.” Na ce to ya ɗauke ta su bi titin. Tun safe suka fita, sai bayan la'asar ya dawo mini da ita, ta san kowane kwana daga Unguwa Uku har Ƙauyen Alu, shi kuma ko fasinja ɗaya bai ɗauka ba.