Malam ba zai shiga wannan ɗan abin ba

Jama'a, ku saurare ni yanzu! Maƙwabciyata Maman Ummi ke rubuta min.

Mai gyara ya zo sauya wa kwamfutar ɗana Sani ma'ajiya, wai SSD mai araha. Na ɗaga, ko nauyin biskit bai kai ba. Tsohuwar kuwa kamar dutsen guga, hotunan marigayi mijina Malam duk suna ciki.

Na ce, "Ɗan nan, Malam da ƙofa ke wa kaɗan, a nan za ka cusa shi?"

Ya ce, "Hajiya, dubu irinsa za su shiga."

Dubu irin Malam? Duk unguwarmu Badarawa babu biyu! Na fizge tsohuwar, na ɓoye cikin kwalla. Mai gyaran ya fita, wai zai dawo.

'Yan boko, na yi laifi? Amma a fara gaya wa Sani, kafin mutumin ya dawo!