Tukwanen da Ke Ɓacewa a Rumfar Inna

Inna, uwar mijina, ta shekara arba'in tana ginin tukwane, kuma ba ta yarda da kowa ba. Mai kawo yumɓu ya sauke kaya, sai ta cusa hannu tana laluben tsakuwa. Ka gaishe ta da fara'a, ta ce me kake nema. Kunnenta kaɗai ta amince wa. In an kwashe tukwane daga wuta, ɗaya bayan ɗaya take ƙwanƙwasa su da yatsa. Mai ƙara garau a kai ta rumfa, mai dusasshiyar murya a fasa. Shi ya sa ba a taɓa dawo mata da tukunya ba, kuma wallahi ta fi ji da wannan sunan fiye da 'ya'yanta.

Kwatsam tukwane suka fara ɓacewa. Ta jera goma sha biyu, ta dawo ta tarar da goma. Ta zargi mai tukwanen ƙarfe da ke kallon rumfarmu, wai baƙin ciki ke cin sa. Ta zargi mai itace. Har ɗan cikinta sai da ta ritsa da tambaya. Ni kaɗai na tsira, don a wurinta ba ni da wayon sata.

To, ni ce ɓarauniyar.

Ran nan da hantsi ta ce za ta unguwa, ashe laɓewa ta yi bayan tulin itace. Na ɗauko biyu ke nan ta damƙe min hannu.

"Ashe ke ce! Munafuka, wa kike kai wa?"

Na ɗebo ruwa na zuba a ɗaya, na ɗaga. Sai ɗis, ɗis, a kan ƙafarta.

Ta fizge ɗayar, ta ƙwanƙwasa, ta kara a kunne, ta sake ƙwanƙwasawa. Ni daga inda nake ina jin muryar a dushe.

"Lafiyarta lau," in ji ta, amma a hankali.

"Inna, wata biyar ke nan ina bin bayanki ina sake ƙwanƙwasawa, ina kwashe waɗanda kunnenki bai kama ba."

Na zaci mari zan sha. Tausayinta ya kama ni har na gwammace marin. Ta kalli titi, ta ce:

"Kafin wata biyar ɗin fa? Masu yoyon suna gidajen mutane, ba wanda ya faɗa min?"