Hoton Wadda Ta Shayar da Ɗana

A wajen yankan tumatir muka haɗu, can bayan kanal ɗin ban ruwa inda ake shanya. Ni baƙuwa ce a Bunkure, aure ne ya kawo ni, ba uwa kusa ba 'yar'uwa. Ita ta matsa min a kan buhunta, ta ce, "Zauna nan, ke da riƙon wuƙa kamar ta aro."

Da na haihu, nono ya ƙi zuwa. Yaro na kuka, ni ma ina yi. Ta shigo goye da 'yarta, ta ce, "Miƙo shi nan, sarauniyar tsoro." Da yardar mazajenmu ta shayar da shi har nawa ya kawo. Ta riƙa tsokanata: "Kin yi asarar suruka. 'Yata ta zama yayarsa."

Hotonta guda nake da shi a waya. Tana riƙe da ɗana a tsakar gidana, ɗankwali ya zame, kitso a waje, tana dariya tana cewa, "Kar ki ɗauka, ko mai ban shafa ba."

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. A zaman makoki mahaifiyarta ta ce, "Don Allah duk mai hotonta ya goge, kar a ɗora mata nauyi a kabari."

Na ce, "To, Inna."

Na dawo gida na kasa. In na bari, ko ana tambayarta kan gashin nan saboda ni? In na goge, me zan nuna wa yaron ranar da ya yi wayo? Na tambayi maigidana, ya ce, "Goge mana. Addu'a take buƙata." Kullum sai na buɗe, in ɗora yatsa, in janye.

Ƙarshe dai yanke hoton na yi. Na cire fuskar, na cire kitson, na bar yaron da hannunta a kan cikinsa, yatsun duk ruwan tumatir ya cinye su. Na goge na asalin, na yi mata addu'a.

Na ɗauka ai fuskar tana kaina, ba inda za ta. Jiya ina yi wa yaron wanka na tsaya da soso a hannu. Akwai ɗan tabo a kuncinta, na kasa tuna ko na dama ne ko na hagu.